Maganin da Yaya Ya Rabar

A Diffa ba a hana magani. Kana iya hana mutum aron injin ban ruwa, kana iya hana shi gishiri ma idan rowarka ta kai, amma idan ya tsaya ƙofar gidanka ya ce kansa na sara ko ɗansa na zazzaɓi, kuma ya san kana da ƙwaya a ɗaki, to dole ka ɗauko. Ba a tambayar sunanta, ba a tambayar ta wane ciwo ce. Haka na tashi na tarar tun ina ƴar lakkol, wato ƴar makarantar boko. Ni ma na yi, ba zan wanke kaina ba. Sauran ƙwayoyin zazzaɓina na miƙa wa maƙwabta ta saman katanga ya fi a ƙirga, ana gode mini ina jin daɗi.

Mu biyu muka rage a ɗakin mahaifiyarmu, ni da Yaya. Ya girme ni da shekara goma sha ɗaya. Da mahaifinmu ya rasu shi ya riƙe ni, shi ya tsaya tsayin daka sai da na gama karatu na zama malamar lakkol. Dillalin tattasai ne. Yana da garka biyu a bakin Komadugu, yana kuma saye hannun manoman Geskeru ya loda wa ƴan Najeriya. Mutum ne mai sakin hannu har ya wuce misali. Idan ya sa sabuwar hula ka yaba, ka tafi da ita. Matarsa ta sha yin kuka a kan haka, ni kuwa a lokacin dariya nake yi.

Wajen ƙarshen shekarun casa'in idanunsa suka fara canza launi. Aka ce shawara ce. Aka yi ta jiƙe-jiƙe, saiwar wannan, ɓawon wancan, kowa ya zo dubiya da gorarsa. Ciwon ya lafa, ya dawo, ya sake lafawa. Shekaru ana haka, har cikinsa ya cika da ruwa, ƙafafu suka kumbura, takalmi ya daina shiga. Sai a lokacin ya yarda muka kai shi Yamai. Likita ya duba ya ce ƙwayar cutar hanta ce ta daɗe tana cinsa, hantar ta ƙandare, babu abin da ya rage sai dashe, kuma ba a yi a ƙasar nan.

Ya sayar da garka biyu da shanunsa, muka tafi Masar. Aka gwada jinina aka ce ya dace da nasa, kuma ba ni da cutar. Mijina ya yarda da ƙyar, danginsa kuwa har yau akwai waɗanda ba su daina yi mini gori ba. Ƴaƴana biyu ƙanana na bari a gida. Ban yi wata jarunta ba, tsoro ya kusa kashe ni, na yi amai sau biyu a ranar da za a shiga da ni. Amma ko kusa ban yi tunanin fasawa ba, Yaya ne.

Kafin aikin, likitan da zai yi mana ya zaunar da mu. Dattijo ne mai jin Faransanci, ni ke fassara wa Yaya. Ya juya takardar ordonansi, wadda ake rubuta magani a kai, ya yi ta zane a bayanta. Ya ce hanta tarin ƙwayoyin halitta ce, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Kowace ɗaya an halicce ta da umarnin mutuwarta a cikinta, a rufe. Idan ta tsufa ko ta lalace, sai ta buɗe umarnin da kanta, ta tsuke, ta farfashe a hankali, na kusa da ita su share wurin, wata sabuwa ta maye. Ya ce wannan mutuwa alheri ce, ita ke tsare hanta. Na ce wa Yaya kamar yadda ake tsince ruɓaɓɓen tattasai daga shanya ne don kada ya ɓata sauran. Ya gyaɗa kai, wannan ya gane.

Sai likitan ya ɗaga yatsa. Ya ce sojojin jiki, waɗanda ke tsare mutum daga cuta, su ma suna iya taɓa ƙwayar halitta su sa ta buɗe umarnin nan ko da lafiyarta lau. Haka suke yi wa duk abin da suka ga baƙo ne. Hantar da za a ɗebo daga jikina baƙuwa ce a wurinsu. Za su bi ta ɗaya bayan ɗaya, su fara da ƴan siraran hanyoyin da ɗaci ke bi ya fita, suna sa su kashe kansu. Abin da zai hana su shi ne wata ƙwaya da zai riƙa sha safe da yamma, a kan lokaci, har iyakar ransa. Ya ce maganin ba ya warkar da komai, riƙe hannun sojojin kawai yake yi. Ranar da aka sake su, za su ci gaba daga inda suka tsaya, kuma mutum na iya yin watanni bai ji komai a jikinsa ba.

Na fassara wannan sau uku. Sau uku, wallahi. Yaya ya ce, “Na ji, Malama.” Haka yake kirana idan yana tsokanata.

Aka yi aiki, Allah Ya ba da sa'a. Na farka da ɗinki daga ƙasan ƙirjina har gefen haƙarƙari. Tawa hantar ta tofo ta cike gurbi cikin ƴan watanni, kamar yadda aka faɗa mana. Yaya kuwa cikin mako uku idanunsa suka washe, ya fara neman tuwo. Ranar da muka sauka Diffa gidan bai ɗauki mutane ba. Wanda aka fita da shi a kwance ga shi ya dawo da ƙafarsa yana raha. Mutane na shafa hannunsa suna salati. Aka ga kwalayen magani da matarsa ke jerawa a firijo, na ga idanu na binsu. Nan take na tsaya tsakar gida na ɗaga murya, na ce wannan maganin ba na shawara ba ne, ba ya yi wa kowa amfani sai wanda aka yi wa dashe, wanda ke da cutar hanta ma ƙara masa ciwo zai yi. Kawu, ƙanin mahaifiyarmu da ke zaune Geskeru, ya yi dariya ya ce, “To, mun ji, likitar Masar.” Kowa ya bushe da dariya, har da Yaya.

Da aka koma lakkol aka tura ni Ngelbeli, can cikin rairayi, inda mota ba ta zuwa kullum. Na tafi hankalina kwance. Maganin na zuwa daga Yamai a motar fasinja duk bayan ƴan watanni, matarsa na kula, ga kuma maƙwabcinmu majo, wato babban ma'aikacin jinya, wani Kirista mutumin kudu da ke leƙa shi. Idan na samu waya na kira, Yaya ya ce lafiya lau, har ya koma bakin kogi yana cinikin tattasai.

Kusan shekara ana haka. Da aka ba da babban hutu na kamo hanyar gida. Daga Maine na shiga motar Diffa, na zauna kusa da wata mata mai goyo. Muna cikin hira ta ce mijinta ne ke fama da shawara, amma an dace, ta samo masa maganin Masar. Ta kwance haɓar zanenta ta nuna mini. Ƙwaya biyu. Ko cikin barci aka tashe ni na san ƙwayar nan, ni na karɓo kwalin farko da hannuna.

Na ce, “Baiwar Allah, ina kika samu wannan?”

Ta ce, “Wajen wani Alhaji mai tattasai a Diffa. Ai ya yi suna. Shi ma shawara ce ta kusa kashe shi, wannan ta tashe shi. Ba ya hana kowa, ko sisi ba ya karɓa, Allah Ya saka masa.”

Ban san lokacin da na fizge ƙwayoyin daga hannunta ba. Ta yi ihu, ƴan mota suka taso mini, wani dattijo ya ce ashe malaman zamani har ƙwace suke yi. Na ce su yi ta faɗa. A haka muka shiga Diffa.

Ban ajiye jaka ba. Na tarar da Yaya zaune a zaure yana sosa damtsensa. Na ce, “Yaya, ina maganinka?”

Ya ce, “Ke ko gaisuwa babu?”

Na buɗe tafin hannuna. Ya kalli ƙwayoyin, ya kalle ni, ya sunkuyar da kai. Matarsa ta fito daga ciki, tana ganin abin da ke hannuna ta fashe da kuka. A bakinta na ji yadda aka yi. Kawu ne ya fara. Ya kawo wani abokinsa masunci mai shawara, ya ce ƙwaya uku kacal, don darajar mahaifiyarmu. Yaya ya ba shi. Mutumin ya warke. Yo ba dole ba? Shawara nawa ce ke wucewa da kanta ko ba a sha komai ba! Amma wa zai gaya wa Geskeru haka? Labari ya bi kogi, ya haye har tsallake. Aka fara zuwa ana durƙusawa a zaure. Don kada kwali ya ƙare kafin motar Yamai ta kawo wani, sai Yaya ya daina shan na yamma. Daga baya ya koma yau ya sha, gobe ya tsallake. Ya rantsar da matarsa kada ta gaya mini, kada ta gaya wa majo. Idan majo ya leƙo, sai a nuna masa kwali na raguwa daidai yadda ya kamata.

Na ce, “Yaya, hauka kake yi? Me likita ya gaya mana? Ban fassara maka ba?”

Ya ce, “Ki saurare ni. Mutum ya taso tun daga ƙauye da ɗansa a kafaɗa, ido kamar kurkur, ya faɗi gabana. In ce masa me? In ce babu, alhali ya san akwai? Ni da Allah Ya tasa daga kabari, in zama mai hana magani? Da wane ido zan shiga kasuwa?”

“Ba ya yi musu komai! Cutar da su kake yi!”

“Sun ce yana yi.”

Sannan ya faɗi abin da har gobe idan na tuna sai zuciyata ta tafasa. Ya sassauta murya ya ce, “Kuma likitan nan bai san mu ba ne. Ya ce baƙuwa. Wace baƙuwa? Ciki ɗaya muka fito, nono ɗaya muka sha. Yaushe hantarki za ta zama baƙuwa a jikina?”

Ya yi imani da haka har zuciyarsa, ƙauna ce ta sa ya faɗa, ni kuwa na ji kamar in shaƙe shi. Na dafa gefen cikina na ce, “Daga nan zuwa nan aka tsaga ni. Na bar ƴaƴana, na sa hannu a takardar cewa ina iya mutuwa. Ba hula na ba ka ba, Yaya, da za ka cire ka miƙa wa wanda ya yaba. Naman jikina ne. Ka tambaye ni kafin ka yi kyauta da shi?” Ban taɓa ɗaga masa murya ba sai ranar. Maƙwabta suka cika ƙofa. Shi dai yana ta susa, sai a lokacin na lura duk damtsensa sawun farce ne. Na ja shi waje cikin haske na duba idanunsa. Gefensu ya fara rina.

Majo ya zo ya duba, ya cire tabarau ya ce sai Yamai. Washegari muka kama hanyar Yamai, kwana biyu a mota. Aka yi analiz, wato gwajin jini, aka aika wa likitan Masar, na kira shi. Aka ƙara magani, aka yi allurai masu ƙarfi, muka yi wata guda muna jira. Da na sake kira, dattijon ya yi mini bayani a hankali. Ya ce da a makonnin farko aka gane, da an tare. Yanzu hanyoyin ɗacin nan sun mutu kusan duka, kuma su ba sa tofowa. Shi ya sa ɗacin ke komawa cikin jini, shi ne ƙaiƙayin. Sai dai wani dashen.

Na ce a sake ɗiba a jikina, ai tawa ta cika. Ya ce a'a, ba a yanka mutum ɗaya sau biyu. Matar Yaya ta ce a gwada ta, jininta bai dace ba. Babu garkar da ta rage da za a sayar ma. Yaya ya ce a mayar da shi gida.

Da muka dawo na rasa inda zan sa fushina. Na je wurin limamin unguwa na zayyana masa komai, na roƙe shi ya faɗa wa jama'a bayan sallar Juma'a cewa ƙwayar nan ba ta maganin shawara, kuma rabar da ita ne ya kwantar da mai ita. Nufina kada wani ya ƙara sha ya cutu. Liman ya faɗa. Abin da ya biyo baya ban zata ba.

Tun ranar Asabar aka fara sallama. Mace ta shigo ta gaishe da mai jiki, ta ajiye ƙwaya biyu a gefen tabarma. Wani ya ciro uku daga aljihun ƴar ciki. Wani ya aiko daga tsallaken kogi a ƙunshe cikin ledar sukari. Matar Yaya ta ɗauko tasa ana zubawa. Sai na gane ashe yawancinsu ba su ma sha ba. Ajiyewa suka yi. Maganin Masar ne, mai daraja, ba a ɓarnatar da shi a kan ƙaramin ciwo, sai ranar da babba ya zo. Wasu ma babu marar lafiya a gidansu, sun karɓa ne don ko-ta-kwana. Watanni ƙwayoyin nan na kwance a ƙarƙashin katifa da cikin kwallaye, zafin Diffa na narkar da su, a daidai lokacin da hantata ke mutuwa cikin Yaya don rashinsu. Tir! Majo ya tona tasar da yatsa ya ce ko ɗaya ba ta shawuwa, duk sun manne sun lalace.

Kawu ya zo da shida. Shida! Ya ce dama ya ajiye wa iyali ne. Na ce, “Kawu, Allah Ya isa.” Aka yi ta salati, wai na yi wa ƙanin uwata Allah Ya isa. Na ce na yi, kuma a rubuta. Har ya bar duniya ban janye ba.

Yaya ya yi wata biyu a kwance. Ya rame, ya yi baƙi, ƙaiƙayi ya hana shi sakat har sai da muka riƙa ɗaure masa tsumma a yatsu. Wata safiya ina ba shi kunu ya riƙe hannuna ya ce, “Malama, na ci amanarki. Ki yafe mini.” Na so in ce na yafe da zuciya ɗaya. Abin da ya fito bakina shi ne, “Sha kununka.” Ya sake faɗa. Na ce na yafe, amma ya san ni, ya ji yadda na faɗe shi. Bayan kwana huɗu ya cika, da hantsi.

A zaman makoki babu abin da nake ji sai yabo. Mutumin kirki, hannunsa a sake, bai taɓa hana kowa komai ba. Bakunan da suka durƙusa masa a zaure su ne ke faɗa. Ina zaune cikin mata, na cusa mayafi a baki don kada in yi abin da za a daɗe ana labari. Ina jin haushinsu, ina jin haushin Yaya, ina jin haushin kaina da na tafi Ngelbeli na bar shi da mutanen da na fi kowa sanin halinsu, tunda halina ne ni ma.

Kwana tara da rasuwar, baƙi sun watse, ina shara a ƙofar gida da la'asar, sai ga wani tsoho da sanda, ƙafafunsa duk busasshen taɓo. Hausarsa ba ta fita sosai, Barbarci ya fi yawa a ciki. Ya ce daga wani ƙauye yake gaba da Geskeru, ruwa ya cika hanya, babu mota, ya kwana biyu yana tafiya. Sai makon jiya labari ya kai musu cewa Alhaji na buƙatar maganinsa. Ya laluba aljihu ya ciro gidan ashana, ya buɗe. Ƙwaya ɗaya ce a ciki, an naɗe ta da auduga.

Ya ce, “Ƴata, a gaggauta a ba shi. Kada a ce na riƙe.”

Na zagi Kawu, na zagi ƴan mota, na zagi rabin unguwa. Amma ban da wannan tsoho. Na karɓi gidan ashanar da hannu biyu. Ya tambaya ko zai iya shiga ya gaishe shi. Na ce ya zauna tukuna ya huta, na shiga ciki na ɗebo masa ruwa, na tsaya bayan ƙofa da kwanon a hannuna na kasa fitowa.